Ƙuri'ar Tsingaro a Garun Maikano

Ubale bawana ne, na wasan taubashi. Uwarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da ikon faɗa, kuma mafi yawansa na faɗa masa a gaban idonsa. Sunana Zuwaira. Gari ɗaya aka haife mu, Garun Maikano, can gindin duwatsu kudu da Doguwa. Ɗan ƙaramin gari ne mai ganuwar ƙasa da ƙofa biyu, in ka yi sallama da ƙarfi a ƙofar gabas sai a amsa maka daga ta yamma.

Maikanon da ya kafa garin kakan kakan Ubale ne ta wajen uba. Sarauta ta bar gidansu tun zamanin jihadi, abin da ya rage musu biyu ne kawai, gonar fadama da ke bayan ƙofar yamma, da tsagar gado, uku a tsaye ɗaya a gicce a kowane kunci. Gidan ba su da yawan haihuwa. Lokacin da muka yi wayo, mazan da ke ɗauke da wannan tsaga a garin ba su wuce Ubale da ubansa ba.

Tun yana saurayi fartanya ba ta sonsa, shi ma ba ya sonta. Dogo ne, mai manyan kunnuwa, da baki kamar ya ci wake ya ƙoshi. Ana cikin yaƙin Bama ya bi jakunan gyaɗa zuwa Kano da sunan zai kwana biyu, sai da ya shekara goma sha wani abu. A can ya samu aiki wurin wani farin mutum mai sayen gyaɗa, da fari yana ɗora buhu a sikeli, daga baya ya koma dafa masa abinci. Mu duk irin waɗannan Kwara muke ce musu, amma Ubale ya ce kul, maigidansa Bagirke ne, daga wata ƙasa Girka mai tsibirai a cikin teku. Mutumin ba mata ba ɗa, in kewar gida ta taso masa sai ya zaunar da kukunsa ya yi ta ba shi labarin kakanninsa da gurguwar Hausa. Ubale kuwa kunnuwan nan ba na banza ba ne, duk ya kwashe.

Shekarar da aka yi rikicin Kano, alif ɗari tara da hamsin da uku, Bagirken ya tattara ya koma ƙasarsu. Ubale ya dawo mana da gadon ƙarfe, da mata 'yar Bebeji mai suna Furera, da tari. Ya tarar ubansa ya rasu, gonar fadama kuma dagaci ya ba surukinsa Shitu, tunda babu magaji a kusa. Da ya je neman ta, Shitu bai ko daina cin goronsa ba, ya ce, "Ai kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sannu da zuwa, baƙon Kano."

Sunan nan ya bi shi. Yara na faɗa, manya na faɗa. In an yi rabon naman sa a unguwa sai a manta da shi, in za a yi shawarar gyaran ganuwa ba a kiransa. Ni na san shi ciki da bai, kuma na san ba gonar ce ke cinsa ba, don ko an ba shi ba iya nome ta zai yi ba. Abin da yake so ɗaya ne, garin da kakansa ya zagaye da ƙasa ya buɗe baki ya ce shi ɗan gari ne.

Sai ya kama ɗinkin hula a gindin ɗurumin dandali, yana ɗinki yana zuba. A lokacin ina zawarci a gidanmu, dangarmu kuwa ta kalli ɗurumin, ba abin da ke wuce ni. Yakan ce a ƙasar Girka ta da can babu sarki ɗaya a kan kowa. Kowane gari da ganuwarsa, da dokarsa, da gonakinsa a kewaye, ko da bai fi Doguwa girma ba, kuma ba ya kai gaisuwa ko'ina. Akwai wani gari Sifarta, su ba su da sana'a sai yaƙi, ana raba yaro da uwarsa tun bai gama famfara ba. Akwai wani Atina, su kuma surutu ne sana'arsu, maza su taru a fili, mai jima da mai jirgi kowa ya faɗi ra'ayinsa, abin da aka fi yawa a kai shi ne doka.

Wata rana na leƙo ta saman danga na ce, "Bawana, matan fa? A ina suke zama in ana taron?"

Ya ce, "Uwar gijiyata, mata ba sa zuwa. Bayi ba sa zuwa, baƙi ba sa zuwa."

Na ce, "To ashe da ni da kai duk a waje za mu tsaya. Me ka gano a can da babu a nan?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma na ga maganar ta tsaya masa a rai. Na ji ba daɗi daga baya, sai dai tsakanina da shi ba a ba da haƙuri.

Labarin da ya fi maimaitawa shi ne na tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya. Wai a Atina in mutum ya yi ƙiba har ya fi ƙarfin gari, ba a kai shi gaban alƙali, ba a dukansa. Sai a sa rana, kowane ɗan gari ya ɗauki tsingaro ya karce sunan wanda ya ishe shi, a zuba wuri ɗaya. Wanda sunansa ya fi yawa ya fita daga ganuwa shekara goma, ba a taɓa gidansa, ba a taɓa iyalinsa, in wa'adi ya cika ya dawo. Duk sanda Ubale ya kai nan sai ya ɗaga kai ya dubi sabon soron Shitu, kowa ma ya duba.

Don Shitu ya ishi mutane, gaskiya ce. Ya toshe hanyar rijiyar unguwa da shingen gonarsa, shanunsa su ci dawar talaka a ce a yi haƙuri, dagaci kuma ya tsufa ya makance, sai abin da surukin ya raɗa masa. Hakimi yana can Tudun Wada, tafiyar da ba kowa ke son yi ba. Ga shi shekarun nan maganar ƙuri'a ta shigo ƙasa, 'yan siyasa na yawo a keke suna cewa talaka ma yana da baki. Kafin kakar shekara ta biyu, abin da ya fara kamar tatsuniya ya zama shawara. Abin mamaki, Shitu ne ya fara cewa a yi. Ya san mutanen garinsu, ya fi Ubale saninsu nesa ba kusa ba.

Liman Hamidu ya ce shi babu ruwansa, wannan ba ya cikin littafi, kuma ya hana a dafa Alƙur'ani a kai. Sai Ubale ya miƙe a gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ba wanda ya sa shi, ya ce, "Na rantse da Allahn da ya yi ni, duk wanda ƙuri'ar nan ta faɗa wa, ko da ni ne, ƙafarsa ba za ta taka cikin ganuwa ba sai bayan shekara goma." Shitu dai ya ce amin, bai rantse ba. Ban san yadda aka yi kunnuwan nan suka kasa jin haka ba.

Da yake masu iya rubutu ba su taka kara sun karya ba, aka shirya cewa kowa ya karce tsagar fuskar wanda yake so a kora. Ta Shitu mai sauƙi ce, dogaye biyu daga kunne zuwa haɓa. Saura tsingaro. Matan gari kuwa ba mai ba da nata, da shi muke ɗebo wuta, da shi muke ba kaji ruwa. Ubale ya kora jaki ya fita, ya dawo da mangala cike. Ya ce a kwazazzabon bayan ganuwar gabas ya samo, inda ruwan damina ya zaizaye gaɓa, wai ga su nan jere a jikin ƙasa kamar an ajiye masa. Manya ne, masu kauri, jar laka ta bushe a jikinsu ta rufe su ruf. Ya farfasa su daidai tafin hannu.

Ranar da aka sa, da hantsi maza suka taru. Mu mata muna bayan danga, kowa ta samu kafar leƙe. Aka ajiye babban kwando a cikin zauren dagaci. Mutum ya ɗauki tsingaro, ya shiga shi kaɗai da wuƙarsa, ya fito hannu wofi. Na lura wasu ba sa daɗewa ko kaɗan, shiga da fita ne, kai a sunkuye. Kafin a gama rana ta take tsaka.

Ban taɓa jin garinmu ya yi shiru irin na ranar ba. Kurciyoyin ɗurumi sun yi tsit, ba kukan akuya, ba ƙarar taɓarya, inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Aka fito da kwando aka juye. Laka ta hana a ga komai, sai aka kawo ruwa a babban akushi aka fara wankewa ɗaya bayan ɗaya. Ubale da kansa ya naɗe hannun riga yana wanki, yana murmushi.

Na farko ya fito da dogaye biyu. Na biyu ma haka. Na uku ya ɗago, ya duba, ya sake tsomawa ya cuɗa da babban yatsa, ya ajiye shi gefe a hankali. Daga inda nake ina hangen abin da ke jiki, uku a tsaye, ɗaya a gicce. Na huɗu haka. Na biyar haka. Ruwan akushi ya yi ja wur, aka zubar aka sake, hannunsa na fito da fuskarsa daga ciki, yana ajiyewa, yana komawa. Wata 'yar guguwa ta taso daga ƙofar gabas, ta ratsa dandali ta tsakanin mutane, ba ta ɗauki ko hular kowa ba, ta fita ta yamma. Na ji Furera a bayana tana karanta duk abin da ya zo bakinta.

Da aka gama, na Shitu bai cika ƙoƙo ba. Na Ubale tsibi ne. Ni dai a idona tsibin nan ya fi yawan mazan da suka shiga zauren, amma ba a tambayi mata ba.

Sai wani dattijo ya ce, "Wallahi ni ban karci kowa ba. Haka na jefa shi yadda na ɗauka." Wani ya ce shi ma. Kafin ka ce kwabo rabin dandali na rantsuwa. Tsoron Shitu ya hana su karce tasa, kunyar Allah ta hana su karce ta wani, sai kowa ya jefa nasa da laka, a ganinsa ya fita kunyar kowa. Matsorata! Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Masu gemu, masu 'ya'ya, an ba su baki rana ɗaya tak a duniya, suka haɗiye harshe.

Liman Hamidu, da ya ce ba ruwansa, ya matso ya ɗauki guda ya juya shi a rana. Zanen ba na wuƙa ba ne. Bakinsa ya yi sumul, an yi shi ne tun yumɓu na ɗanye, kafin a gasa tukunyar. Ya tambayi Ubale inda ya ɗebo, aka ɗunguma zuwa kwazazzabo, mu ma muka bi baya, ba wanda ya kore mu. A jikin gaɓa, inda Ubale ya zare manyan guntayen, ramuka ne dogaye a jere, duk sun kalli gabas. A cikin na kusa ana ganin haƙarƙari.

Kowa ya san da fasassun tukwane muke rufe mamaci kafin a tura ƙasa. Abin da aka manta shi ne a nan mutanen farko suka binne nasu, tun kafin a mai da maƙabarta arewa. Gidan Maikano kuma, ashe, da tsagarsu suke yi wa tukwanensu alama. Rufin kakanninsa Ubale ya yaye ya kawo dandali ya raba wa mutane.

Liman ya yi salati, ya ce ƙuri'a ta ɓaci, ba a hukunci da kuskure, rantsuwa kuma tana da kaffara, ya ciyar ko ya yi azumi shi ke nan. Mutane suka ce haka ne. Har Shitu, da ya ga ƙasusuwan, ya ce a bar maganar, in ma gonar ce a raba. Ubale yana tsugune a bakin rami, bai ɗago ba. Can ya ce, "Allah gafarta malam, na tambayi gari ko ni ɗansa ne. Masu rai sun ƙi magana. Waɗanda suka gina shi sun yi."

Daga nan bai koma ciki ba. Ya aika aka fito masa da gadon ƙarfensa da allurarsa, ya kafa bukka a bakin kwazazzabon, jifa ɗaya daga ganuwa. Watannin farko ba abin da ya yi sai mai da tsingaro. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, yana cikewa da ƙasa, yana dasa aduruku don ya riƙe gaɓa. Furera ta yi damina biyu tare da shi, sannan ta ce ita ba za ta iya ba, da rana tsaka tana jin ana daka a ƙarƙashin ƙasa. Ya sallame ta da alheri ta koma Bebeji, ban kuma ga laifinta ba.

Ni nake kai masa tuwo, ko bayan na sake aure. Ina zuwa ina tsokana, ko zai yi fushi ya biyo ni. "Bawana, Sarkin Girka, ina fadawan naka?" Sai ya nuna kaburbura da allura ya ce ga su nan, ba sa gulma. Ranar Juma'a yakan zo daidai ƙofar gabas ya shimfiɗa buzu daga waje, ya bi sallah da kunne. Yara sun daina ce masa baƙon Kano. Sun daina ce masa komai, in sun hango shi sai su sake hanya. Mutane kan ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ni kuwa nakan ce su rufe mini baki, ai ba shi kaɗai ya ja ba.

Garin kuma bai ƙara daɗi ba. Ba annoba aka yi ba, ba gobara. Kawai dai ba mai son zama a gindin ɗurumin nan, kuma maƙwabci ba ya iya haɗa ido da maƙwabci. Da aka gyara hanyar mota mai zuwa wajen masu haƙar kuza, sai gida ɗaya ya tashi ya koma bakin hanya, wai don kasuwa. Wani ya bi. Dagaci ya rasu, aka naɗa sabo a can. Shitu ma ya kwashe shanunsa, gonar fadama ta koma hannun tofa da gamba. A shekarar hamsin da tara, bayan an girbe dawa, gidanmu ne na ƙarshe.

Da muka ɗaure kaya na ce wa maigidana ya yi gaba da jakuna, zan same su. Na ratsa garin ni kaɗai da azahar. Ƙofofi a buɗe, jinkaye sun rufta, ƙadangaru a kan dakalin masallaci. Na fita ta ƙofar gabas na same shi a kan buzunsa yana fuskantar ciki, ya rame, tarin nan ya ƙwaƙule shi, hular da yake ɗinki a cinya.

Na ce, "Ubale, tashi mu tafi. An ba mu fili a bakin hanya, akwai ɗakinka."

Ya ce, "Can ba garinmu ba ne, Zuwaira."

"To shiga nan ɗin! Ga shi nan, naka ne duka. Ba dagaci, ba Shitu, ba mai ce maka baƙo. Shiga ka kwana a ɗakin ubanka ko sau ɗaya ne."

Ya daɗe yana kallon hanyar da ta miƙe daga ƙofa zuwa dandali. Daga inda muke ana hango katangar gidansu. Na ga yatsun ƙafarsa sun motsa a kan buzu, wallahi na gani, na ɗauka zai tashi. Sai ya girgiza kai.

Ya ce, "Da saura. Ku ne kuka tashi. Waɗanda suka jefa mini ƙuri'ar suna nan."

Na zage shi, na yi kuka, na kira shi da duk sunan da na taɓa kiransa tun muna yara. Ya bar ni na gama, ya ce in yi sauri kada jakuna su yi mini nisa. Na ajiye masa ƙullin gari da daddawa na kama hanya. Da na kai kan tudu na waiga, yana nan zaune a bakin ƙofa daga waje, shi kaɗai, yana jiran garin da ba kowa a ciki ya ba shi izinin shiga.